Yadda Ake Fitar da Jan Ƙarfe Daga Matattun Moter da Inji, Ba Tare da Ƙonawa Ba

Moter ba ya ƙarewa a Yamai, don kullum sai wani ya mutu. Fankar ɗaki, famfon ban ruwa na lambunan bakin kogi, injin niƙa na unguwa, firji, na'urar sanyaya ɗaki, famfon rijiyar burtsatse, kowanne da moter a cikinsa. Zafin Afrilu da Mayu yana cin su, wutar da ke hawa tana sauka tana cin su, ƙurar hunturu ta ƙarasa sauran. Mafi yawansu kasuwar Katako suke nufa a kan kura ko a bayan babur, a sayar da su a kilo. Wanda ya saye su kuma abu ɗaya ke ransa, jan ƙarfen da ke naɗe a ciki.

Hanyar da aka saba ita ce guduma, kurfi da wuta. Tana fitar da jan ƙarfen, amma tana cin lokaci, tana cin huhu, tana kuma rage wa kayan daraja. Inji yana gyara wannan. Sai dai ka sani tun yanzu, inji ba ya ƙara giram ko ɗaya a kan abin da ke cikin moter. Aikinsa ya fitar da shi da sauri kuma da tsabta. Ribar kuwa tun wajen saye da tantancewa ake cinta ko a zubar da ita, shi ya sa za mu daɗe a can kafin mu kunna komai.

Abin da ke cikin moter

Moter na yau da kullum yana da gida, wanda ko dai ƙarfen zubi ne ko alminiyam. A cikin gidan akwai sitato, ɓangaren da ba ya motsi. An yi shi da siraran fallayen ƙarfe da aka jera aka matse, da ramuka zagaye da cikinsa, kuma a ramukan nan aka zura naɗin waya. A tsakiya akwai roto, shi ne mai juyawa, a kan sandar ƙarfe mai rulma, wato zoben da sandar ke juyawa a ciki, a kowane gefe. Sai fanka ta baya, akwatin haɗa waya, da kondansater, ɗan gwangwani mai tara cajin wuta, a kan masu amfani da wutar gida.

Mafi yawan nauyin ƙarfe ne. A moter na gama-gari jan ƙarfe yakan kama wajen kashi 7 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin duka, ya danganta da iri da shekarar ƙira. Wannan ɗan kason shi ne ke biyan kusan komai, saboda haka kuskure kaɗan a kansa ya isa ya cinye ribar buhu guda.

Mataki na farko: kafin ka biya kuɗi

Kada ka fita saye ba tare da abu uku a aljihu ba: ƙaramin magagari, maganaɗisu, da abin kwance kusa. Maganaɗisu zai gaya maka gidan ƙarfe ne ko alminiyam, don ƙarfe yana kamawa, alminiyam da jan ƙarfe ba sa kamawa. Magagari kuwa shi ne mai tona asiri. Wayar naɗi duk shafe take da fenti mai launin zuma ko ja, saboda haka ido kaɗai ba ya bambance ta. Buɗe murfin baya ko ka leƙa ta kafar iska, ka goga magagarin a kan waya ɗaya har fentin ya tashi. In cikin ja ne har tsakiya, jan ƙarfe ne. In ya yi fari fat kamar azurfa, alminiyam ne aka yi wa fenti, ko aka lulluɓe da ɗan siririn jan ƙarfe. Fankoki masu arha, ƙananan famfuna da moter na injin wanki na ƴan shekarun nan da yawansu haka suke.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Jan ƙarfe ya fi alminiyam nauyi fiye da ninki uku: dunƙulen jan ƙarfe mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri ya kusa giram 9, na alminiyam giram 2.7 ne kawai. Ga shi kilonsa ma ya fi arha nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi moter mai naɗin alminiyam a farashin mai jan ƙarfe ya yi asara sau biyu. In mai kaya ya ce, "Haba Alhaji, duk na Turai ne, ba sai ka buɗe ba," amsar ita ce, "To Malam, in na Turai ne ai gogawa ba za ta rage shi da komai ba." Mai kayan kirki ba ya jin haushin magagari.

Jijjiga moter ɗin ka saurara. Wanda ya kwana a lambu ko ya sha damina a fili yakan ɗauki laka da ruwa, kuma kai za ka biya kuɗin lakar. In ruwa ya zubo, a zazzage kafin a ɗora a sikeli.

Sai maganar asalin kaya, wadda wasu ke ɗauka da wasa. Famfon manomi da aka cire da dare, moter ɗin rijiyar unguwa, wayar kamfanin wuta Nigelec, duk ta hannun masu sayen ƙarfe suke bi. Moter mai tsabta, mai fenti sabo, wanda aka datse wayarsa da adda maimakon a kwance ta, kuma yaro ne ya kawo shi da asuba yana sauri, ka bar shi ko da kyauta ne. Ajiye littafi: rana, irin kaya, nauyi, da wanda ya kawo. Ranar da jandarma suka zo tambaya, littafin nan ne zai yi magana a madadinka.

Mataki na biyu: ware mai rai daga matacce

Ba duk moter da aka jefar ne ya mutu ba. Wani kondansater ɗinsa ne kawai ya lalace, wani rulma ce ta kame. Juya sandar da hannu. Shinshina ta kafar iska, don naɗin da ya ƙone yana da wari mai kaifi da ba a mantawa. Auna bakin wayoyin da mita ka ga ko layin a haɗe yake, sannan ka auna tsakanin waya da jikin gidan ka ga ko wuta na zuba. A moter mai layi uku, naɗin ukun ya kamata su ba da awo kusan ɗaya.

Ko wanda naɗinsa ya ƙone ƙurmus, in gidansa bai tsage ba, sandarsa ba ta lanƙwashe ba, roto bai goge cikin sitato ba, masu bobinaj za su iya sake naɗa shi, kuma sukan biya fiye da kuɗin kilo, musamman mai girma. Kai musu shi tukuna. Yanka irin wannan moter ɓarna ce. Haka nan ka ajiye kwali na musamman don murfi, fanka, allon haɗa waya, fuli da kusoshi masu kyau. Makanikai suna nemansu ɗai-ɗai.

Abin da ya rage ka kasa shi gida-gida: manya masu gidan ƙarfen zubi, masu gidan alminiyam, ƙananan na fanka, na mota irin su demarer da alternater, sai kompireser na firji a gefe guda. Dalilin shi ne inji saiti yake so. In ka jera sitato masu faɗi ɗaya, sau ɗaya za ka daidaita shi ka yi ta aiki. In ka cakuɗa su, rabin yininka a sauya saiti zai tafi.

Mataki na uku: cire abin da zai iya cutar da kai

Kondansater yana iya riƙe wuta bayan an daɗe da cire moter daga layi. Sauke cajinsa da abin aiki mai mariƙin roba kafin hannunka ya taɓa bakinsa. Waɗanda suka tsufa sosai, masu gwangwanin ƙarfe cike da mai, na kafin shekarun 1980, suna iya ƙunsar sinadarin PCB, guba ce da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa a jerin abubuwan da za a kawar. Kada a huda su, kada a jefa su a wuta, a tara su a rufaffen duro.

Kompireser na firji tulu ne na ƙarfe da aka liƙe da walda, da mai a ciki da ragowar gas. Firjin zamani da yawa suna amfani da R600a, wanda ke kama wuta kamar gas ɗin girki. Saboda haka ba a kusantar kompireser da wutar walda. A bar mai gyaran firji ya janye gas ɗin, a kifa tulun a kan bokiti mai ya tsiyaye ta bututunsa har ya daina ɗiga, sannan a yanke shi ta bin layin waldar, a fili inda iska ke kaɗawa. Man kuma a tara shi a jarka. Wanda aka zubar a ƙasa, da ruwan damina zai gangara kogi. Wasu famfunan burtsatse ma cike suke da mai, su ma a tsiyaye su.

Wane inji ya dace da kai

Hawa uku ne. Na farko shi ne injin yanka na hannu mai faifai, da fares na matsi wanda mai walda zai iya haɗa maka da jak na babbar mota a cikin firam mai kauri. Da wannan ya kamata kowa ya fara.

Na biyu shi ne injin da aka ƙera don sitato kaɗai, mai aiki da matsin mai. Yawanci yana da wuƙa mai sauka ta datse, da farata masu damƙar naɗi su ja, wasu kuma da ɓangaren fasa gida. Mafi yawan da ke shigowa daga Sin suke. Kafin ka biya, tambayi faɗin sitato mafi ƙanƙanta da mafi girma da yake ɗauka, ka gwada da abin da ke yawan shigowa wurinka. Duba allon jikinsa: wutarmu volt 220 ce a layi ɗaya, 380 a layi uku, a kan hertz 50. Inji da aka yi wa ƙasar da ke kan hertz 60 zai ba ka wahala. Ka kuma sa a haɗa maka da wuƙar canji da robobin silinda tun a odar farko, don ranar da suka lalace ba a bakin titi za ka same su ba.

In da janareto za ka dogara lokacin ɗauke wuta, ka tuna moter yana jan wuta ninki 5 zuwa 7 a lokacin tashi. Janareton da ƙarfinsa ya yi daidai da abin da aka rubuta a jikin injin zai shaƙe ne kawai. Sa kuma na'urar kariya mai yanke wuta in layi ɗaya cikin ukun ya faɗi. Rashinta yana kashe moter masu layi uku da yawa, kada naka ya bi sahu.

Hawa na uku shi ne layin niƙa, za mu zo kansa.

Wurin aiki yana son daɓen siminti, rumfa, da wayar ƙasa ta gaske da aka binne, mai sauke wutar da ta zuba a jikin inji. A kan rairayi guntayen jan ƙarfe ɓacewa suke, kuma su ne ribar.

Mataki na huɗu: buɗe moter

Nan ba wani abu mai wuya. Cire murfin fanka, cire fankar, zare fuli da abin zarewa. Kwance dogayen kusoshin da suka haɗa murfin gaba da na baya. Ɗan buga bakin sandar da guduma ta kan katako, murfin zai saki, roto ya fito. Kowane abu ya tafi duronsa nan take. Kusar da ta yi tsatsa ta ƙi, kada ka ɓata lokaci, yanke kanta.

Mataki na biyar: raba sitato da gidansa

An cusa sitato cikin gida ne da matsi, wani lokaci da ƙaramar kusa a gefe ko ɗigon walda. Nemi kusar ka cire. In gidan ƙarfen zubi ne, kwantar da shi a ƙarƙashin wuƙar fasawa ko fares, ka matsa a hankali a kan tsawonsa. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi da ƙara, kuma tsagin yana tartsatsi. A rufe shi da ragar ƙarfe ko tsohuwar taya, kowa ya sa tabarau, kada kowa ya tsaya a saitinsa. In alminiyam ne, ja layi ɗaya da faifai daga wannan baki zuwa wancan, ka sa kurfi a tsagin ka buɗa, sitato zai zame. Kada faifan ya nitse har ya taɓa naɗi.

Mataki na shida: yanka da ja

Ga zuciyar aikin. Ɗauki sitato ka duba. Wayar ta bi cikin ramuka ta fito ta kowane gefe ta naɗe kamar gammo. Gammo biyu ke nan, na sama da na ƙasa, kuma muddin dukansu suna nan wayar ba za ta fito ba, don zobe ce rufaffiya.

Hanya ta farko ita ce a yanke gammo ɗaya. Zaɓi gefen da wayoyin haɗi suka fito, don shi ya fi tarkace, kuma ɗayan gefen ya fi tsabta, farce zai fi samun wurin kamawa. Kwantar da sitato a kan injin, wuƙar ta sauka daf da fallayen ƙarfe. Wannan "daf" ɗin shi ne sirrin. In ka bar ragowar waya ta leƙo, bakinta zai baje ya maƙale a ramin lokacin ja. In kuma ka shiga cikin fallayen, wuƙarka za ta dakushe, ka kuma cakuɗa garin ƙarfe da jan ƙarfe. Yanka, juya sitato kaɗan, sake yankawa, har gammon ya faɗo. Da faifan hannu ma haka ake yi, sai dai yana watsa garin jan ƙarfe, don haka a shimfiɗa faranti a ƙasa a share shi da yamma.

Sai ka juya sitato, ka ɗaure shi a mazauninsa, farata su damƙi gammon da ya rage. Kada ka nemi zare shi duka a ja ɗaya. Ja wannan ɓangaren ya ɗago kamar yatsa biyu, saki, juya, ja na kusa da shi, ka zagaye. A zagaye na biyu ko na uku naɗin zai fito gaba ɗaya, da dogayen ƙafafunsa a miƙe da farar takarda manne a jiki. Mai gaggawa yana tsinka gammon, wayar ta rage a cikin ramuka, sai an koma fitar da ita da tsinken ƙarfe rami-rami.

Hanya ta biyu ta fi dacewa da sitato dogo ko mai taurin fenti: a datse shi biyu a tsakiya, kowane rabi ya zama da gammonsa da gajerun ƙafafu, sai a ja kowanne. Tafiyar wayar ta ragu da rabi, saboda haka ba ta cika tsinkewa ba.

Akwai naɗin da fentinsa ya daskare har farce ba ya iya motsa shi. Nan ne hannu ke ƙaiƙayin neman fetur da ashana. Kada a yi. Wuta a fili tana baƙanta jan ƙarfe, ta sa masa ɓawo mai zubewa, nauyi ya ragu, mai saye kuma ya sauke shi zuwa aji na ƙasa. Hayaƙin roba da fenti yana da guba, kuma ba kai kaɗai ke shaƙa ba, har da mai tuwon da ke gefenka da yaran makwabta. Abin da ake so ɗumi ne kawai. Hura masa iska mai zafi da na'urar hurawa, ko a sa shi a rufaffen tanda ya yi zafi har fentin ya yi laushi ba tare da ya kama wuta ba, a ja shi tun yana da zafi, da safar hannu ta fata.

Mutum ɗaya ne ke riƙe da sitato, kuma shi ne ke taka ko danna injin. Ba a raba wannan aiki biyu. Ana rasa yatsu a irin wannan inji in wani ya danna yayin da hannun wani ke ciki. Yaron shago ya koyi inda maɓallin kashewa yake kafin ya koyi komai, kuma in waya ta maƙale, a kashe inji tukuna. Babbar riga da rawani mai jela ba na wurin nan ba ne. Wanda ke cikin tsatsa kullum ya je ya yi allurar rigakafin sandarewar jiki.

Mataki na bakwai: tsabtace jan ƙarfe

Wannan aikin zama ne, ana yin sa a inuwa da rana tsaka lokacin da injin ke hutawa. Zare takardar ramuka, tsinken katako ko roba da aka toshe bakin rami da shi, zaren ɗauri, da rigar waya. Datse wuraren da aka liƙe da dalma ka ware su. Bi ta kan tarin da maganaɗisu. Sannan ka sake goga waya ɗaya daga kowane naɗi, don naɗin alminiyam ɗaya a cikin buhu ya isa mai saye ya karya farashin buhun duka.

Waya mai kauri, tsirara, mai sheƙi ita ce aji na farko. Wayar naɗi mai fenti tana bin bayanta. Ƙonanniya da mai datti su ne ƙarshe. Kowane aji da buhunsa.

Roto, alminiyam da sauran ƙarfe

Roto na moter na gama-gari ba shi da jan ƙarfe. Alminiyam ne aka narka aka zuba cikin fallayen, kuma raba su ba ya biyan wahalarsa. Tura sandar ta fita da fares, don maƙera da masu injin sassaƙa ƙarfe suna son ta, sauran ka sayar yadda yake. Amma duba da kyau, wasu manyan moter suna da sandunan jan ƙarfe a roto. Na demarer, injin huda da makamantansu kuma naɗaɗɗu ne, da zoben jan ƙarfe mai tsaga-tsaga inda gawayi ke gogawa. Na alternater faratan ƙarfe biyu ne suka rungumi ƙullin waya. Tura sandar, faratan su rabu, ƙullin ya fito cikakke, kuma yana cikin mafi sauƙin jan ƙarfe da za ka samu.

Gidan alminiyam yana da kasuwa a nan gida, wajen masu zubin tukwane na Katako. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, abin da gawayi da zugazugi ke iya kaiwa, jan ƙarfe kuwa sai 1,085. Cire duk kusa da zoben ƙarfen da rulma ke zama a ciki. Ƙaramin murfin da ya yi maka nauyi fiye da girmansa, mai yiwuwa tutiya ce, ware shi. Kada dalma ko guntun batir ya shiga wannan buhu ko kaɗan, don tukunyar da za a zuba da shi abinci za a dafa a ciki. Kuma a kai shi a bushe, ɗigon ruwa a narkakken alminiyam fashewa yake yi.

Ƙarfen zubi daban, fallayen sitato daban, sauran ƙarfe daban. Maganaɗisun da ke cikin wasu moter, musamman ƙanana masu sheƙi na sababbin na'urorin sanyaya ɗaki, suna da ƙarfin da zai matse fatar yatsa. Tara su nesa da wayar salula da katin banki.

Layin niƙa

A manyan masana'antu ba a buɗe ƙananan moter ɗai-ɗai. Ana zuba su cikin injin da gudumomi ke juyawa su farfasa su, bel ya ɗauki guntayen ya bi ƙarƙashin maganaɗisu ya tsince ƙarfe, wata na'ura mai juya maganaɗisu da sauri ta cilla alminiyam gefe, sannan teburi mai girgiza da iska ya raba jan ƙarfe da roba ta hanyar nauyi. Abin sha'awa ne a bidiyo. A ganina, ga mai shago ɗaya a Yamai, bai dace ba. Yana son tan-tan na kaya kowace rana, wuta mai yawa wadda ba ta yankewa, gudumomin canji, da na'urar tsotse ƙura. Injin da ke aiki kwana ɗaya a mako bashi ne kawai yake tarawa. In masu sana'a da yawa sun haɗa hannu da jari, sai a yi maganar.

Mataki na ƙarshe: awo da sayarwa

Kafin ka sayi injin hawa na biyu ma, yi wannan gwaji. Ɗauki kilo 100 na iri ɗaya, ka farke su, ka auna abin da ya fito. A ce ka samu kilo 10 na jan ƙarfe, 6 na alminiyam, 80 na ƙarfe, 4 shara. Ninka kowanne da farashin ranar, ka cire kuɗin saye, wuta, faifai, ɗauko kaya da ladan yara. Abin da ya rage shi zai gaya maka iyakar jika nawa za ka iya biya a kan wannan iri. Yi wa kowane iri haka, ka rubuta. Bayan ƴan watanni, da ka ɗaga moter ka san abin da ke cikinsa, kuma littafin zai nuna maka ko yawan kayan da ke shigowa ya isa ya ciyar da inji.

Mallaki sikelinka, ka riƙa gwada shi. Lita 20 ta ruwa kilo 20 ce, sai ka ƙara nauyin jarkar. Auna buhunka a gida kafin ka kai, ka rubuta a jikinsa. Farashin jan ƙarfe na duniya daga kasuwar ƙarafa ta Landan yake fitowa, da dala a kan tan, kuma ana iya duba shi a waya. Na nan dole ya yi ƙasa da shi, don tsakanin Yamai da tashar ruwa ta Kwatano akwai wajen kilomita 1,000, ga kuɗin mota, ga kwastan, ga ribar dillali. Amma in can ya hau, nan ma ya kamata ya motsa, kuma wanda ya san haka ba a yi masa ciniki da farashin watan jiya. Tambayi masu saye biyu ko uku. Tara ka sayar da yawa ya fi kai ƴan kilo kullum, sai dai jan ƙarfe kuɗi ne a buhu, a kulle shi a ɗaki mai ƙofar ƙarfe.

Injin kansa yana son kulawa kaɗan amma kullum. Duba man matsi kowace safiya, ka yi amfani da lambar da masu ƙira suka rubuta, yawanci 46 ko 68. A watannin zafi fara aiki da sassafe, in tankin ya yi zafin da tafin hannu ba zai iya zama a kai ba, kashe shi ya huce, don mai mai zafi yana cinye robobin silinda. Lokacin hunturu goge sandar silinda kafin ka kunna, ka rufe injin da tamfol da dare. Wuƙar da ta fara murƙushe waya maimakon ta datse ta, cire ta a kai wa mai wasa ƙarfe, ka ɗora ta canjin.